Awartakin Adelino

Shekara uku ke nan maganar ɓaure tana cin Dona Graciete a rai, kuma duk ƙauyen babu wanda bai san haka ba.

Asalin abin daga mijinta ne, marigayi Adelino. Shekarar da aka haifi 'yarsu Noémia inabi ya yi irin kyan da har yau tsofaffi ke rantsuwa da shi. Adelino ya hau can ƙololuwar gonarsu, inda tsofaffin kurangun kakansa ke maƙale a jikin dutse suna leƙen kogin Douro, ya tsinke na wurin daban, bai yarda an haɗa da na ƙasa ba. Da ƙafarsa ya tattake shi. Da ya soma tsima, kafin zaƙin ya gudu, ya zuba masa barasa mai ƙarfi ya tsayar da shi, yadda ake yi wa fino. Fino muke ce masa a nan. Mutanen birni ne suka liƙa masa sunan garinsu suke cewa giyar Porto, alhali ko kuranga ɗaya ba su taɓa yi wa noma ba. Bayan shekara biyu a ganga sai ya ɗura kwalba goma sha biyu, ya shafa wa kowacce farin fenti a gefen da zai kalli sama, ya kwantar da su a ɗakin ƙasa, ya ce na Noémia ne.

Goma sun tafi a hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, duk sanda yarinyar ta yi abin a yaba. Bai taɓa soka wa ko guda ƙarfen cire matoshi ba. Ya ce tsohon matoshi ba ya son a taɓa shi, ruɓewa yake ya zube ciki. Yana da wani dogon awartaki da ya gada, mai baki zagaye daidai wuyan kwalba. Sai ya cusa shi cikin garwashi har ya yi jawur, ya maƙure wuyan kwalbar da shi, ya tsaya yana motsa baki, sa'an nan ya saki, ya zagaya wurin da gashin dinya da aka tsoma a ruwan sanyi. Wuyan ya rabu da kwalba sumul, matoshi na cikinsa. Abin da ya fi taɓa zuciyar Graciete shi ne motsin bakin nan. Addu'ar Maryamu yake yi, shi da limamin coci ba ya ganinsa sai biki ko jana'iza. Ba ta taɓa tanka masa ba, don kada kunya ta sa ya daina yi wa 'yarsu addu'a.

Saura wata biyu bikin Noémia, Adelino ya faɗi a gona, bai tashi ba.

A birni aka yi bikin, don dangin ango mutanen Gaia ne, garin kamfanonin giya da ke tsallaken kogi daga Porto. Angon Duarte ne. Ubansa kuwa, Senhor Amílcar, shekara arba'in yana ɗanɗana wa wani babban kamfani giya, mutum ne da idan ya yamutsa hanci sai a zubar da ganga guda. Graciete ta san dole kwalba ta tsaya a miƙe kwana uku kafin a buɗe, lakar da ta tara ta kwanta a gindi. Ta sani sarai. Amma baƙin ciki ya juya mata kai, ta ɗauko ta goma sha ɗaya da safiyar bikin, ta rungume ta a cinya, mota ta yi ta jijjiga su a kwanonin hanya har birni. A wurin walima mai hidima ya soka mata ƙarfe, matoshin ya dagargaje ya faɗa ciki. Abin da ya fito a kofi sai ka ce ruwan kududdufi. Senhor Amílcar ya ɗaga kofin, ya kai hanci, ya kurɓa, ya tofar a cikin adiko.

"Ba laifi," in ji shi. "Idan aka dafa ɓaure da ita za ta yi amfani."

Teburin ya ɗauki dariya.  Graciete ta karɓi kwalbar da aka zubar da abin cikinta, ta sa a jaka ta dawo da ita gida, ta jefa bayan kabad inda ba za ta riƙa gani ba. Ba ita aka yi wa dariya ba, ita ma ta sani. Mijinta aka yi wa, yana kwance wata biyu a ƙasa, kuma da hannunta ta jawo masa.

To, bana Noémia ta haihu, namiji, aka sa masa Adelino. Za a yi masa baftisma a cocin ƙauye, a ci abincin rana a tsakar gidan kakarsa.

"Mama, don Allah ki bar kwalbar nan ta kwanta," in ji Noémia a waya. "Baban Duarte ya ce zai zo da tasa."

"Ya zo da ita mana. Wa ya hana shi?"

"Ita kaɗai ta rage fa. Idan ita ma ta lalace?"

"Ki dai tabbata kin zo da hular yaron, rana na da zafi a nan."

Tana ajiye wayar ta sauko da awartakin daga ƙusar da yake rataye, ta goge tsatsar, ta leƙa ta katanga ta kira Laurinda. Ita Laurinda maƙwabciyarta ce tun suna amare, mace mai ƙiba da baki, wadda ba a taɓa wani abu a ƙauyen ba ta sa hannu ko harshe ba. Suka je shagon shayi suka kwaso kwalabe marasa komai cikin buhu biyu, suna cika su da ruwa suna toshewa.

Sati biyu tsakar gidan nan ba ya shiguwa ba takalmi. Wata kwalbar a shafa mata gashin dinya ko gezau. Wata ta tsage a karkace har kafaɗa. Wata ta tarwatse tun awartakin na wuyanta. Ga hannun Graciete da ya soma rawa tun bara, idan ta ɗago ƙarfen daga wuta sai bakinsa ya yi ta kaɗawa.

"Ke ni na gaji," in ji Laurinda ranar da ta ashirin da uku ta fashe. Ta zauna a kan matakala tana fifita da gefen zanen aikinta. "Shekara nawa kina tsaye kusa da mutumin nan yana abin nan? Me kika riƙa kallo, gashin bakinsa?"

"Bakinsa nake kallo."

"Na faɗa."

"Addu'a yake yi. Addu'ar Maryamu."

Laurinda ta ƙyalƙyale da dariya har tana dukan cinya. "Adelino? Wanda ko a jana'izar uwarsa sai da aka jawo shi daga bakin ƙofa? Rufa min asiri. Ai ko uwata da ba ta rabuwa da carbi, rabin addu'ar Maryamun da take yi ta dafa ƙwai ce. Ba ta da agogo. Sau goma, gwaiduwa ruwa-ruwa, sau ashirin ta daskare."

Graciete ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta dubi awartakin, ta dubi Laurinda, ta nemi wuri ta zauna a hankali.

"Ja'irin mutum," ta ce. "Ashe lokaci yake aunawa."

Dariya ta zo mata, kuka ya biyo baya, suka haɗu ta rasa wanne take yi. Haushi ta ji sosai, na shekara talatin da ta yi tana tausaya wa mutumin da ke duba agogonsa. Kewarsa kuma ta taso mata irin wadda ba ta ji ba tun ranar da aka binne shi. Da ta share fuska sai ta tuna yadda yakan gyaɗa kai duk ƙarshen addu'a. Sau uku yake gyaɗawa.

Suka hura wuta. Sau uku ya yi wa kwalaben shago yawa, tun kafin a kawo gashin suke tsagewa. Sau biyu kuwa, wuya ya fita tsaf. Suka yi biyar a jere ba kuskure, Laurinda har da ɗan taka rawa. Graciete ba ta taya ta ba. Kwalaben yanzu ba su da kauri, na Adelino kuwa irin na da ne, baƙaƙe masu nauyi. Biyu za ta yi, yadda hannunta ya gwada, ko uku, yadda idonta ya tuna? Waɗanda ya buɗe duk ba su da wuya, balle ta gwada a kansu.

Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta durƙusa, ta zura hannu bayan kabad. Ta fito da kwalbar bikin, duk yanar gizo da ƙura, farin fentinta na nan, wuyanta lafiya lau tunda ƙarfe aka soka mata. Ta cika ta da ruwa ta toshe.

"Ita kaɗai ce fa," in ji Laurinda. "Biyu ko uku?"

"Zan bi maigidan."

Ta yi uku. Wuyan ya rabu kamar an yanka da wuƙa. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu, ta ce ashe ita ma wannan da ranarta.

Ana saura kwana uku ta sauka ɗakin ƙasa ita kaɗai. Ta ɗauko ta goma sha biyu a kwance yadda take, fentin na sama, tana hawa matakala ɗaya tana hutawa. Ta miƙar da ita a hankali a ɗakin ajiyar abinci da ke bakin tsakar gida, ta kulle, ta sa mabuɗin a ƙirji.

Ranar baftisma aka jera tebura a ƙarƙashin rumfar inabi. An ci gasasshen ɗan akuya da shinkafar tanda da dankali, jariri ya yi kukansa a coci ya gama, yana barci a kafaɗar ubansa Duarte. Da aka kawo cuku da busasshen ɓaure, Senhor Amílcar ya jawo wani akwatin katako ya ɗora a tebur, ya fito da kwalba mai takarda ruwan zinariya, ya soma ba da tarihinta. Mutum ne siriri mai tsabta, ko a zafin Yuli bai kwance ɗamarar wuyansa ba.

"Saboda haka, Dona Graciete, idan kin ba da izini, sai a kawo kofuna."

A nan, iyayen ma'aurata comadre da compadre suke kiran juna tun daga ranar ɗaurin aure. Shekara uku bai taɓa kiranta da shi ba, kuma duk wanda ke teburin yana lura.

"Kofuna na zuwa, Senhor Amílcar," in ji ta. "Amma a gidan nan na maigida ake fara sha."

Laurinda ta fito da kaskon garwashin itacen inabi, awartaki na ciki ya riga ya yi ja. Graciete ta biyo ta da baƙar kwalbar, tana tafiya kamar mai ɗauke da cikakkiyar ƙwaryar nono. Ta dire ta a ƙarshen tebur. Hira ta mutu. Noémia ta sunkuyar da kai.

Amílcar ya ga yadda hannun ke rawa. A gaskiya ba da mugunta ya yi maganar ba wannan karon. "Ina da mabuɗi mai harshe biyu a aljihu," ya ce. "Yana fitar da tsohon matoshi ba tare da ya fasa shi ba. Sau tara cikin goma."

"Na goman fa?"



Ta naɗe hannu da tsumma, ta ɗago awartakin. Bakinsa na kaɗawa. Ta kai shi wuyan kwalbar, ƙasa kaɗan da inda matoshi ya ƙare, ta matse. Da ƙarfen ya kama sai rawar ta tsaya. Ta soma addu'a, ba sauri, daidai yadda bakin Adelino ke tafiya. Ta gyaɗa kai, ɗaya.

Amílcar ya ciro agogon aljihunsa. Tana tsakiyar ta biyu ya ce, "Ya isa haka. Rabin minti ake yi. Za ki dafa ta, Dona Graciete."

Ta gyaɗa kai, biyu.

"Mama," in ji Noémia, murya ƙasa-ƙasa. "Ya san aikin nan. Ki saki."

Ta ji su duka. Ta san mutumin bai yi ƙarya ba, kwalaben da yake buɗewa rabin minti ya ishe su. Amma ai ba a katse addu'a a amsa wa mutum, ko shi wane ne. Ta shiga ta uku, idonta a kan farin fentin da Adelino ya shafa da ɗan yatsansa, har ta kai ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta saki.

Laurinda ta miƙo gashin dinya yana ɗigar ruwan rijiya. Graciete ta zagaya wuyan da shi sau ɗaya. Shiru. Har an fara jin wani ya ja numfashi zai yi magana, sai kwalbar ta ce ƙas, ƙara 'yar ƙarama kamar an karya tsinke. Ta sa tsumma ta ɗage wuyan. Ya taso gaba ɗaya, matoshin na ciki, baƙi ƙirin, ya jiƙe har ya kusa narkewa, amma ko ɓurɓushi bai faɗa ba.

Ba ta tsaya jin tafin da aka soma ba, don aiki bai ƙare ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a bakin tulun gilashi, ta ɗaga kwalbar saitin hasken rana, ta karkata ta sau ɗaya ba ɗagowa. Fino ya gangaro garau, ja mai duhu, gefensa ya koma launin jan bulo. Da ta hango lakar ta taso zuwa kafaɗar kwalba sai ta tsaya. Ƙamshin ya riga kofuna zagaya teburin.

Kofin farko ta kai wa Senhor Amílcar da hannunta.

Ya karkata shi a kan farin mayafin tebur ya duba. Ya kai hanci, ya daɗe. Ya juya kofin, ya sake kaiwa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, hannunsa ya tafi neman adiko yadda ya saba shekara arba'in. Adikon ya zo har haɓarsa. Sai ya mayar da shi tebur, ya haɗiye.

"Babanku ya haɗiye," Laurinda ta raɗa wa Duarte, raɗar da aka ji har bakin ƙofa.

Amílcar bai kula ta ba. Ya juya a kujera yana bin dutsen da ido, hawa bayan hawa, har ya tsaya a can sama. "Tsofaffin kurangu ne," ya ce. "Ba su sha ranar yamma ba, shi ya sa zaƙin bai yi mata nauyi ba. Can ne, gefen itacen zaitun ɗin nan?"

"Can ne."

"Kuma da ƙafa."

"Ƙafarsa."

Ya sake kurɓa, ya lumshe ido. "Saura nawa?"

"Babu. Wannan ce autarsu. 'Yar'uwarta ce ka aika dafa ɓaure."

Kunnuwansa suka yi ja. Mutum ne mai girman kai, amma hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, shi ma bai iya yi wa hancin ƙarya. Ya ture kujera ya miƙe, kofi a hannu.

"Comadre," ya ce, "na yi wa mutumin nan rashin kunya a bikin 'yarsa. Da na san shi yana da rai, da na hau dutsen nan da ƙafa na cire masa hula. Shekara arba'in ina wannan aiki, waɗanda suka kai wannan ba su cika yatsun hannuna ɗaya ba." Ya ɗaga kofin. "Adelino. Babba da ƙarami."

Kowa ya tashi. Noémia na kuka tana dariya, ta zagayo ta rungume uwarta ta baya. Sai a sa'an nan Graciete ta zauna ta ɗauki nata kofin. Ta gutsuri cuku, ta kurɓa kaɗan, ta bar shi ya kwanta a harshe. Zaƙi ya fara zuwa, irin na busasshen ɓaure da zuma, sai wani ɗan yaji-yaji ya biyo, sai ɗumi ya sauka ƙirji a hankali ya ƙi tafiya. Daɗi ya kama ta har cikin ƙashi, kuma ba ta ɓoye ba. Ta miƙe ƙafafu a ƙarƙashin tebur, ta zare takalman cocin da suka matse ta tun safe.

Ta gefen ido ta ga Amílcar na lallaɓa kwalbarsa mai ruwan zinariya zai mayar akwati.

"A'a, compadre, ba a komawa da kyauta. Miƙo ta nan." Ta karɓa, ta duba takardar sama da ƙasa kamar mai karatu, ta miƙa wa Laurinda. "Kai min kicin. Ɓauren lambuna ya kusa nuna."

Dariyar da aka yi har jaririn ya farka. Ta Amílcar ta fi ta kowa, yana share ido da adikon da bai tofa komai a ciki ba. "Na cancanci wannan," ya ce. "Ki dai ajiye min kwano guda."

Tulun ya zagaya har ya ƙare, ba wanda ya yi gaggawa. Graciete ta jawo wuyan kwalbar da matoshinsa, ya huce, ta sa a aljihun zanen aikinta. Aka miƙo mata jikanta ta karɓa. Tana jijjiga shi, tana kallon kurangun da ke can sama, bakinta ya soma motsi. Laurinda ta matso.

"Me kuma kike aunawa? Wuta ta mutu."

"Ba na auna komai," in ji Graciete, ta ci gaba da addu'arta.